Yadda Ake Zaɓen Tayoyin da Ba Sa Ƙara wa Motar Haibirid Shan Mai

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da dama a Gombe suka karkata ga motocin haibirid, waɗanda ke haɗa injin fetur da batirin lantarki, irin su Prius da Camry Hybrid da Lexus RX 450h. Tambayar da masu su suka fi yi mini ita ce: na canza tayoyi, sai ga shan mai ya ƙaru, ko batir ne ya fara gajiya? Sau da yawa batirin lafiyarsa ƙalau, laifin tayar da aka ɗaura ne.

Dalilin a taƙaice: taya tana lotsewa a inda ta taɓa kwalta, ta miƙe, ta sake lotsewa, kuma wannan lotsewar ƙarfi take ci. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan ga-ruwa yana tura kura mai tayar da ba iska ya san abin da nake nufi. A motar fetur zalla ana ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da aka sha, taya ce ke cinye shi. Ita kuwa haibirid, da yake injinta na mutuwa da kansa a danja, kuma tana mayar da ƙarfin birki cikin batir, ta riga ta toshe sauran hanyoyin asara, saboda haka rabon taya ya fi fitowa fili. Ga yadda ake yi, kuma jerin yana da muhimmanci: girma da shekaru da juriyar zafi su ne gaba, tsimin mai yana biye da su.

1. Ka san abin da motarka ke sha tun kafin ka canza

Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da ƙaramin ma'aunin tafiya sifili, ka yi zirga-zirgarka yadda ka saba. Idan ka koma shan mai, ka sake cikawa a gidan man nan, in da hali a famfon nan, ka raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Ka yi haka sau biyu ko uku, ka rubuta. Idan motarka 'yar Amurka ce tana lissafi da mil, ka ninka da 1.6. Idan allonta na nuna MPG, wato mil nawa take yi da galan ɗaya, ka ninka da 0.425, sai ya ba ka kilomita a lita: MPG 47 kusan kilomita 20 ke nan.

Gargaɗi: kada ka kwatanta lissafin watan Disamba da na Afrilu. A bazara na'urar sanyaya mota ba ta hutawa, kuma ita kaɗai tana iya sauya lissafin fiye da taya.

2. Ka tabbatar tayar ce ta ƙare

A cikin ramukan zanen taya akwai ƙananan tudu, a gefe kuma akwai alamar TWI ko ɗan kusurwa uku da ke nuna inda suke. Idan zanen ya sauko daidai da tudun, saura milimita 1.6, taya ta gama aiki. Ni shawarata, wanda ke bin hanyar Bauchi ko ta Yola da damina kada ya jira ta kai can, ya canza tun tana wajen milimita 3. Ka duba gefe ma: tsattsagewa kamar faso, ko ƙulu da ya taso bayan faɗawa rami. Tayar da ta yi ƙulu zarenta na ciki ya tsinke, ba mai facin da zai iya gyara ta.

Sai abin da masu motocin Kwatano ba su cika lura da shi ba. Motar da ta fito daga Kanada ko arewacin Amurka ko Japan tana iya zuwa da tayoyin ƙanƙara. Alamarsu hoton dutse mai tsini uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki, ko rubutun STUDLESS, ga kuma zane mai ɗimbin ƙananan tsagogi. Zanensu na da zurfi, shi ya sa mutum ke ganin kamar ya dace da sababbin tayoyi. Robarsu taushi gare ta domin sanyi aka yi ta. A kwaltar Gombe ta watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, suna cinyewa da wuri, suna ƙara shan mai, kuma birki ba ya kama su yadda ya kamata. In su ne a motarka, ka cire su ko da zanen bai taɓu ba. Haruffan M+S su kaɗai ba matsala ba ne, yawancin tayoyin Amurka na kowane yanayi suna da su.

3. Ka ɗauko girma daga jikin ƙofa, ba daga tsohuwar taya ba

Buɗe ƙofar direba, ka duba ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kansa. Akwai 'yar takarda manne da ke ɗauke da girman taya da yawan iskar da kamfani ya tsara. Ka ɗauke ta a hoto. Tayar da ke kan motar yanzu ba hujja ba ce, domin wanda ya riga ka mallakar ta ko dilan da ya shigo da ita yana iya sa duk abin da ya samu.

A ce an rubuta 195/65R15. Lambar farko faɗin taya ne da milimita. Ta biyu tsayin gefe ne, kashi 65 cikin 100 na faɗin. Ta ƙarshe girman rim ne da inci. Prius ta 2004 zuwa 2009 galibi 185/65R15 take ɗauka. Ta 2010 zuwa 2015 da wadda ta biyo bayanta 195/65R15, wasu kuma 215/45R17. Camry Hybrid ta 2007 zuwa 2011 tana ɗaukar 215/60R16. Duk da haka takardar ƙofarka ce alƙali.

A nan ne aka fi yin kuskure. Ka je shago, girmanka babu, sai mai shago ya ce: "Alhaji, ga 205/65R15, ai duk sha biyar ce, har ta fi ɗaga mota." Gaskiya ne za ta shiga rim, kuma za ta ɗaga motar, amma da milimita shida ko bakwai kacal, abin da ba zai hana ƙasan Prius gogar tudun kan hanya ba. A madadin haka ka sayi taya mai faɗi da nauyi, wadda ke ƙara shan mai kullum. Tsayinta ya fi na asali da kusan kashi 2 cikin 100, saboda haka ma'aunin gudu da na nisa za su riƙa nuna ƙasa da gaskiya. In girmanka babu, ka ce a yi maka odarsa daga Kano ko Legas, ka jira kwana biyu.

Haka nan tayar da lambarta ta ƙare da harafin C, irin 195R15C. Ta motar haya ce da ta ɗaukar kaya. Wasu na sa ta don wai ta fi jure rami. Tana jurewa kam, amma nauyinta da taurinta za su cinye ribar da ta sa ka sayi haibirid, kuma shok da bushin su ji jiki.

Game da rim mai inci 17: yana da kyan gani, amma tayarsa ta fi faɗi, gefenta gajere ne, rami ɗaya mai kaifi zai iya tsinka ta har ya lanƙwasa rim. A Prius da ke zuwa da girma biyu daga kamfani, mai inci 15 ya fi tsimin mai, tayarsa ta fi araha, ya kuma fi dacewa da hanyoyin unguwa irin na Pantami da Tumfure bayan ruwa ya yi ɓarna. Murfin robar da ke kan rim ɗin inci 15 kuwa ka bar shi, an yi shi ne don rage jan iska.

4. Lambar nauyi, harafin gudu, da juriyar zafi

Bayan girma za ka ga lamba da harafi, kamar 91H. Lambar tana nuna nauyin da taya ɗaya ke ɗauka: 86 kilo 530 ne, 89 kilo 580, 91 kilo 615, 95 kilo 690. Harafin kuma iyakar gudu ne: S kilomita 180 a awa, T 190, H 210, V 240. Ƙa'idar guda ce: ka sayi daidai da na takardar ƙofa ko sama da shi, ban da ƙasa. Haibirid tana ɗauke da nauyin batir tun kafin kowa ya shiga, mu kuma ba mu cika tafiya ƙauye ba buhu a but ba. Ba wanda zai yi gudun 210 a hanyar Dukku, amma tayar H ta fi ta S jure zafi, shi ya sa nake fifita ta. Idan kana yawan lodi ko bin hanya mai ramuka, mai alamar XL, kamar 95H XL, an ƙara mata ƙarfi. Tana ɗan fin nauyi, amma ba kamar tayar bas ba.

Sai ka nemi rubutu uku da ke gefen yawancin tayoyi: TREADWEAR, TRACTION, TEMPERATURE. Na farko lamba ce, ƙaruwarta na nuna zanen zai fi daɗewa, sai dai kwatancen ya fi inganci tsakanin tayoyin kamfani ɗaya. Na biyu riƙon jiƙaƙƙiyar hanya ne, daga AA zuwa A, B, C. Na uku juriyar zafi ne, A ko B ko C. A yankinmu ka nemi A a na ukun. B za ta yi wa mai zirga-zirgar cikin gari. C kuwa ka bar wa mai shago kayansa.

5. Yanzu ka duba tsimin mai

Sai tayar ta tsallake matakan baya, da na shekaru da ke mataki na 7, ake maganar tsimi. Hanya mafi sauƙi ita ce takardar da ke manne a kan zanen sabuwar taya. Wadda aka yi don kasuwar Turai tana da hoton famfon mai da jerin haruffa masu launi daga kore zuwa ja. Tun watan Mayun 2021 jerin daga A zuwa E ne, kafin nan har G yake kaiwa. A ta fi kowacce tsimi. A tsohon tsarin, bambancin A da G yana kaiwa kusan kashi 7.5 cikin 100 na shan mai. A kusa da shi akwai hoton gajimare da ruwan sama, shi ne riƙon hanya idan ta jiƙe, shi ma da haruffa ake auna shi. A ƙasa kuma lambar ƙarar taya. Sabuwar takardar tana da ɗan murabba'in QR da za ka haska da waya ya kai ka rajistar Tarayyar Turai, ka ga ko abin da aka buga ya yi daidai da wannan samfurin da wannan girman. Ta kasuwar Japan jerinta daban ne: AAA, AA, A, B, C don tsimi, da ƙananan haruffa a zuwa d don riƙon ruwa.

Abin da nake ba da shawara: A ko B a tsimi, amma kada riƙon ruwa ya gaza B. Idan dole ka zaɓa tsakanin mai A a tsimi da C a ruwa, da kuma mai B a duka biyun, ka ɗauki ta biyun. Ruwan watan Agusta a gangaren Kaltungo ba ya tambayar nawa ka rage a gidan mai. Tsakanin taya mafi riƙo da mafi rauni a wannan ma'auni, nisan tsayawar birki daga gudun kilomita 80 yana iya bambanta da kusan mita 18.

In babu takarda, sunan samfurin zai taimaka. Manyan kamfanoni kowanne yana da jerin tayoyinsa na tsimi: Bridgestone Ecopia, Michelin Energy Saver da e.Primacy, Yokohama BluEarth, Dunlop Enasave, Continental EcoContact, Goodyear Assurance Fuel Max, Hankook Kinergy Eco. Cikin masu sauƙin kuɗi akwai Sailun Atrezzo Eco da Linglong Green-Max da Westlake ZuperEco. Sunan kamfani kaɗai bai isa ba, kamfani ɗaya na yin tayar gudu da tayar daji da tayar tsimi. Kuma kalmar Eco ko hoton ganye a gefen taya ado ne da kowa zai iya bugawa, harafin da ke kan takarda shi ne aka auna.

Wani amfani da ba a cika ambata ba: tayar tsimi, da yake ba ta ɓarnatar da ƙarfi sosai wajen lotsewa, ba ta tara zafi kamar sauran. Ga mai yin Gombe zuwa Bauchi da tsakar rana, wannan ma riba ce. Raunin wasunsu kuwa shi ne an rage musu nauyi, gefensu bai da kauri. Ka danna gefen da yatsa ka kwatanta da na wata, in hanyarka ta yau da kullum mai ramuka ce ka karkata ga mai XL.

6. Ka yi lissafi kafin ka biya ƙarin kuɗi

Tayar babban kamfani tana iya ninka kuɗin mai sauƙi, wani lokacin ma fiye. Ko ƙarin zai dawo? Ya danganta da yawan tafiyarka. Bari mu yi misali da lambobi masu sauƙin lissafi, kai kuma ka sa naka.

A ce motarka na yin kilomita 20 a lita, kana yin kilomita 20,000 a shekara. Lita 1,000 ke nan. A ce tayar tsimi ta rage maka kashi 4 cikin 100, lita 40. In lita tana naira 1,000, ka tsira da naira 40,000 a shekara, naira 120,000 a shekara uku. Ka raba huɗu: naira 30,000 a kan kowace taya. Wato in bambancin farashin bai wuce haka ba, mai kaɗai zai biya shi. Ma'aikacin da ke zuwa ofis daga Jekadafari ya dawo, wanda ba ya wuce kilomita 8,000 a shekara, ribarsa lita 16 ce kawai, kuma tayarsa za ta tsufa kafin zanenta ya cinye. Shi mai matsakaicin farashi da B ko C a tsimi ta ishe shi. Direban da ke jigilar fasinja yana yin kilomita 50,000 kuwa, lita 100 ce a shekara, ga kuma daɗewar zane, shi ya kamata ya sayi mafi kyan da aljihunsa zai ɗauka.

Farashin taya yana bin dala, saboda haka ka tambayi shago uku a rana guda, kana karanta musu cikakkiyar lamba har da 91H ɗin. Ka tambayi kuɗin komai a dunƙule: taya, sabon bawul, ɗaurawa, balansin, alaimen. Wani zai rage maka a taya ya fanshe a sauran.

7. Shekarun taya, da maganar ta hannu

A gefen taya ka nemi haruffan DOT, ka bi layin har ƙarshe. Lambobi huɗun ƙarshe su ne ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2324 na nufin mako na 23 a shekarar 2024. Sau da yawa a gefe ɗaya kawai ake buga su, in ba ka gani ba ka ce a juyo maka ɗaya gefen. Ka duba kowace taya da kanka, domin huɗun da aka jero maka ba lallai ne sa'o'in juna ba.

Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana ɗaukar shekara huɗu daga ranar ƙira a matsayin wa'adin taya, kuma jami'anta na duba wannan lambar a hanya. Ke nan tayar da ta yi shekara biyu a shago, rabin wa'adinta ka saya da cikakken kuɗi. Ka nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ba. In ta wuce, a rage maka kuɗi daidai da haka. Ka kuma ce a ɗauko maka daga cikin sito, ban da waɗanda aka jera a bakin titi rana na dukansu wata da watanni.

Tayar hannu da ake kira Beljiyam tana cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, amma kowa ya san tana nan a kasuwa, kuma halin rayuwa na tura mutane gare ta. Ga mai haibirid matsalarta ta ninka: da wuya ka sami huɗu iri ɗaya, da yawansu tayoyin ƙanƙara ne da aka cire a Turai, kuma ba takardar tsimi. Araha ba ta ado. Sabuwar taya mai sauƙin kuɗi wadda lambobinta suka cika ta fi tsohuwar babban kamfani mai shekara bakwai. Ka kula da wadda aka sake wa zane da wuƙa mai zafi: ramukan ba su da santsi, tudun TWI sun ɓace. Ka kula da lambar shekara da aka kankare aka sake bugawa, wurin yakan bambanta da sauran robar.

Ko a sababbi akwai abin dubawa. Wasu masu shigo da kaya na cusa taya cikin taya don rage kuɗin kwantena, abin da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sha kamawa. Hakan na lanƙwasa bakin tayar da ke kama rim. Ka zagaya bakin da hannu, in ya karkace ko ya tsage ka ajiye ta. Ka karɓi rasit mai ɗauke da suna da girma da lambar shekara.

8. Huɗu ko biyu?

Huɗu iri ɗaya shi ne daidai. In kuɗi bai kai ba, ka sayi biyu iri ɗaya, kada ka haɗa samfuri biyu a gaba ko biyu a baya. Sababbin kuma a baya ake sa su, ko da motar da gaba take ja. Na san masu faci da yawa za su ce akasin haka. Dalilin shi ne, in gaba ya zame a ruwa direba na ji a sitiyari ya rage gudu, in baya ya zame motar juyawa take yi gaba ɗaya. Ka sani kuma, da biyu kawai rabin tsimin za ka samu.

9. Wajen ɗaurawa, ka tsaya a kai

Da farko ka kashe motar gaba ɗaya, ka tabbatar rubutun READY ya ɓace daga allo, ka sa P, ka taka birkin ajiya, makullin kuma ya zauna a aljihunka. Haibirid tana iya yin tsit alhali a kunne take, injin ya tashi da kansa tana kan jak.

Jak a wurinsa ake sa shi, inda aka yi 'yan tsagogi biyu a ƙarfen gefen mota ta ƙasa. Kada yaron shago ya cusa shi duk inda hannunsa ya kai, ƙasan haibirid akwai murfin roba, akwai kuma manyan wayoyin lantarki masu ruwan lemo da ba a taɓawa.

Yawancin motocin da suka fito daga Amurka daga wajen 2007 suna da na'urar auna iska a cikin taya, manne da bawul ta ciki. In bawul ɗinka na ƙarfe ne mai noti, akwai ta. Ka gaya wa mai aikin tun kafin ya fara: "Malam, akwai sensa a bawul, a yi nesa da wurin." Ƙarfen da ake zura wa taya da guduma yana fasa ta nan take, kuma kuɗinta ba kaɗan ba ne. Shi ya sa ya fi kyau a je inda ke da injin cire taya. In bawul ɗin roba ne zalla, a sa sabo tare da kowace sabuwar taya.

A shafa ruwan sabulu a bakin taya, ban da baƙin mai ko giris, suna lalata roba. In akwai kibiya da rubutun ROTATION, kibiyar ta kalli inda taya ke juyawa idan mota na tafiya gaba. In akwai OUTSIDE, wannan gefen ne waje. Ɗigon rawaya da ke gefen wasu tayoyi ana daidaita shi da bawul. A yi balansin na duka huɗun, a cire tsofaffin dalma kafin a manna sababbi.

Noti kuma da hannu ake fara ɗaura shi, sannan a bi su a tsallake, ba a jere ba. Na Prius da Camry ƙarfin ɗaurinsu 103 ne a ma'aunin Nm, in shagon na da sifana mai ma'auni a yi amfani da ita. Kada a bar kowa ya zura bututu a sifana ya hau kai da ƙafa. Hakan na miƙar da ƙusoshin, ranar da taya ta sace maka a dajin Alkaleri kuma ba za ka iya kwancewa ba. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka sake gwada notin.

10. Alaimen a ranar

Tayar da ta ɗan karkace ba gangarawa kawai take yi ba, gogar kwalta take yi a kaikaice, tana cin mai tana cin kanta. Ka dubi tsofaffin da aka cire kafin a tafi da su. In gefe ɗaya ya fi cinyewa, alaimen ne. In gefe biyun sun cinye tsakiya na nan, ƙarancin iska ne. In tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. In cin ya yi tudu da kwari, shok ya mutu. Kafin a yi alaimen makanike ya girgiza ƙafafun gaba, in tayarod ko boljoyin na da wasa a canza su tukuna, in ba haka ba kuɗin alaimen ɗin ya tafi a banza.

11. Iska

Duk abin da ka kashe a sama, wannan matakin ne ke riƙe da shi. Ka sayi gejin iska naka ka ajiye a mota, kuɗinsa bai kai na 'yan litocin mai ba. Gejin bakin titi ya sha faɗuwa ƙasa, dukan taya da ƙarfe a saurari ƙara kuwa ba awo ba ne.

Lambar da za ka bi tana takardar ƙofa. A yawancin Prius masu inci 15, 35 ne a gaba, 33 a baya, a ma'aunin psi. In da kPa aka rubuta, 240 da 230 ke nan. Lambar 44 ko 51 da ke gefen taya kusa da MAX PRESS iyakar abin da tayar ke ɗauka ce, ba abin da za a buga ba. Masu faci da yawa na buga 45 ko 50 wa kowace mota. Wasu masu haibirid ma da gangan suke ƙarawa don tsimi. Ƙarin 2 a kan na ƙofa ba laifi, fiye da haka ribar kaɗan ce, motar ta riƙa tsalle, riƙon birki ya ragu, tsakiyar zane ya cinye.

Da safe ake aunawa kafin a yi tafiya. Bayan doguwar tafiya iska na hawa da 3 zuwa 5, haka aka tsara ta, kada ka sace ta a Kumo don ka ga 39, in ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida. Iska na sauka da kusan 1 a duk saukar zafi na digiri 5 ko 6, saboda haka da shigowar hunturu ka sake aunawa. Sau biyu a wata ya isa, da kuma duk ranar da za ka kama hanya. Bayan ka daidaita, in motar na da maɓallin saita fitilar da ke gargaɗin ƙarancin iska a allo, a Prius ta 2010 yana ƙasan sitiyari, ka kunna mota ka danne shi har fitilar ta ƙifta sau uku. In fitilar ta yi ta ƙiftawa na minti ɗaya sannan ta tsaya a kunne, sensa ce ta lalace ko batirinta ya ƙare.

Safaya ƙarama ta wucin gadi 60 take ɗauka, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 da ita. Ita aka fi mantawa.

12. Makonnin farko

Kada ka firgita in tankin farko ko na biyu ya nuna shan mai ya ɗan ƙaru. Sabuwar taya, ko ta tsimi ce, robar zanenta ta fi ta tsohuwar da ta suɗe kauri, saboda haka ta fi ta lotsewa. Ta kuma fi ta tsayi kaɗan, sai ma'aunin nisa ya riƙa ƙirga ƙasa da yadda ya saba. Ka bari ka yi kamar kilomita 1,500 zuwa 2,000, sannan ka maimaita awon mataki na 1 ka kwatanta da abin da ka rubuta. In har lokacin bambancin ya kai kashi 10 cikin 100 ko fiye, ka duba iska, ka duba alaimen, ka taɓa rim bayan tafiya ko akwai wanda ya fi sauran zafi, alamar birki na riƙewa. Sai waɗannan sun fita lafiya za a sa kwamfuta a duba batir.

Tayoyin gaba na haibirid sun fi saurin cinyewa, su ke ja, su ke juyawa, kuma ta kansu ake mayar da ƙarfin birki cikin batir. A riƙa sauya musu wuri da na baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000, mafi sauƙi ka haɗa shi da ranar juyen baƙin mai. Masu kibiya gaba da baya kawai ake musanya su a gefe ɗaya, ba a tsallaka da su hagu zuwa dama. In ƙusa ta shiga tsakiyar zane, a cire tayar a yi faci ta ciki. In a gefe ta shiga ko a kafaɗar taya, sai dai sabuwa, kuma ka nemi irin samfurin da ke ɗaya ɓangaren, da lambar da ke rasit ɗinka.